Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Allon Zane na Farko

Duk wanda ya kama hanyar dizayin, ya fara karɓar aikin katin ɗaurin aure, fastar walima ko tambarin shago, watarana zai ga wani a bidiyo yana ja da alƙalami a kan wani baƙin faifai, layi na fitowa a kwamfuta kamar da fensir aka yi shi. Daga nan sha'awa ta shiga, tambayoyi su biyo baya: wanne zan saya, nawa ne, a ina ake samu? Amsoshi kuwa ga su nan birjik, daga abokai, daga masu shago, daga masu tallar kaya a intanet. Wasu gaskiya ne, wasu tsohon labari ne da ya daina aiki tun shekarun baya, wasu kuma talla ce zalla. Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne kuɗin. Mai sayen allo na farko yawanci ɗalibi ne ko ɗan koyo da ya daɗe yana tara 'yan canjinsa, kuma kuskure ɗaya a nan na iya cinye ajiyar wata da watanni.

Kayan iri uku ne, kuma a kasuwa ana yawan cakuɗa su. Akwai allo marar sikirin, wanda ake haɗawa da kwamfuta ta USB, hannu na kan allo, ido na kan kwamfuta. Akwai mai sikirin, wanda ake zane kai tsaye a kan hoton, amma shi ma sai an jona shi da kwamfuta. Sai na uku, irin su iPad da Galaxy Tab, waɗanda su kwamfutoci ne masu zaman kansu. Akwai kuma wani abu na huɗu da ake lulluɓawa cikin tallar waɗannan, wato ɗan allon rubutun yara mai maɓallin gogewa guda ɗaya. Shi ba ya haɗuwa da kwamfuta, ba ya ajiye komai. Idan ka ga farashin da ya yi sauƙi fiye da hankali a intanet, duba da kyau, mai yiwuwa shi ne.

"Ba ka cika mai dizayin ba sai da allon zane"

Jita-jita ce, kuma gara a fara warware ta, domin amsarta na iya hana ka kashe kuɗin ma gaba ɗaya. Leƙa shagunan ɗab'i na Kano, Kaduna ko Jos, ka tsaya bayan masu haɗa kalanda da bana da fastocin siyasa. CorelDRAW ce a gabansu, maus ne a hannunsu, kuma da shi suke ciyar da iyali. Aikinsu jera rubutu ne, daidaita hoto, zaɓen launi, matsar da wannan akwati ya yi daidai da wancan. A irin wannan aiki maus ya fi sauƙin sarrafawa: ka kai alama inda kake so, ka saki hannu, ta tsaya cak. Alƙalami kuwa yakan ɗan goce a daidai lokacin da bakinsa ke sauka. Haka ma tambari, wanda ake ginawa da ɗigo da lanƙwasa. Kwamfuta ce ke lissafa lanƙwasar, hannunka wuri kawai yake nuna mata.

Inda allo ke biyan kuɗinsa daban ne. Maus hali biyu kawai ya sani, an danna ko ba a danna ba. Alƙalami yana jin nauyin hannu: ka sassauta, layi ya sirance, ka danna, ya yi kauri ko ya yi duhu. Wanda ya taɓa zama yana yanke hoton amarya daga bango, yana bin gefen mayafi da ramukan leshi da maus, ya san abin da nake nufi. Haka mai gyaran fuska a hoto, mai zana bangon littafi ko hotunan littafin yara, mai rubutun hannu na ajami ko boko da ke buƙatar kauri da siranta a harafi ɗaya, mai tsara zanen lalle ko aikin wuyan riga kafin a kai wa mai ɗinki. Ga waɗannan, allo na rage wahala sosai, yana kuma sauƙaƙa wa wuyan hannu.

Saboda haka ka duba ayyukanka na baya-bayan nan. A cikinsu nawa ne ka ji hannunka na neman fensir? Idan babu ko ɗaya, kuɗin nan zai fi yi maka amfani a ƙarin RAM ko a sauya wa kwamfutarka ma'ajiya zuwa SSD.

"Marar sikirin wahala ce, gara ka ƙara tari ka sayi mai sikirin"

Wannan ita ce maganar da ta fi cin kuɗin mutane, shi ya sa zan daɗe a kanta. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki: ranar farko da allo marar sikirin ba ta da daɗi. Za ka so jan layi daga nan zuwa can, ya tafi wani wuri. Sa hannunka da ka saba yi ido rufe zai fito kamar na wani. Dalili shi ne allo ba ya aiki irin na maus. Maus turawa ake yi, a ɗaga, a sake turawa. Allo kuwa taswirar sikirin ne: kusurwarsa ta hagu a sama ita ce kusurwar sikirin ta hagu a sama, tsakiyarsa tsakiyar sikirin. Ba sai bakin alƙalami ya taɓa allo ba ma, da ya matso kusan santimita ɗaya alama za ta yi tsalle zuwa wurin. Ɗan koyo yakan ci gaba da turawa irin ta maus, shi ke nan sai ya ce abin ba ya jin magana.

Amma hannu na sabawa, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci ga wanda ya dage. Tela ba ya kallon ƙafarsa a kan keken ɗinki, idonsa na kan allura, ƙafa na aikinta. A ranar farko shi ma bai iya ba. Hanyar da ta fi sauri ita ce ka ɗauke maus ka sa a aljihun tebur na mako ɗaya ko biyu, ka yi komai da alƙalami, har buɗe fayil da leƙa Facebook. Ka kuma ajiye allon a miƙe daidai gaban sikirin, kada ka karkata shi kamar yadda ake karkata takarda, domin in ya karkata, layin da hannunka ya ja a miƙe zai fito a karkace. Ƙwararrun masu zanen fina-finai da wasannin kwamfuta sun yi shekaru suna aiki da allo marar sikirin, wasunsu har yau shi suka fi so, saboda kai na ɗage, baya na miƙe, hannu kuma ba ya rufe abin da ake zanawa.

Yanzu ga abin da mai talla ba ya faɗa kan mai sikirin. Na farko, Huion Kamvas 13, XP-Pen Artist 12 da Wacom Cintiq duk sikirin ne kawai mai jin alƙalami. Ba su da manhaja a ciki, ba sa ajiye komai. In ba kwamfuta, baƙin gilashi ne. Na biyu, hoto sai ya bi ta HDMI, ko ta irin USB-C ɗin da ke ɗauke da hoto, kuma ba kowane USB-C ne ke yin haka ba. Kwamfutocin hannu da suka cika kasuwanninmu da yawa ba su da HDMI. HP EliteBook 840 G3, alal misali, DisplayPort da VGA gare ta, haka ThinkPad T450 ƙaramin DisplayPort da VGA ne da ita. Sai ka sake fita neman mahaɗi. Na uku, wuta. Allo marar sikirin ɗan abin da yake ja daga USB bai taka kara ya karya ba, kana iya aiki da shi a kan batirin kwamfuta har wuta ta dawo. Mai sikirin fitila ce a kunne, ko dai ya zuƙe batirin kwamfutar ko ya nemi nasa soket. Wanda ke zaune inda wuta ke zuwa ta tafi ya san nauyin wannan magana. Na huɗu, a masu araha akan sami ɗan rata tsakanin gilashi da hoton da ke ƙarƙashinsa, sai bakin alƙalami ya sauka nan, layi ya fito ɗan gefe, musamman a bakin allo.

Ga kuma farashi. A kasuwar duniya ƙaramin allo marar sikirin yakan kama wajen dala 30 zuwa 50, matsakaici wajen dala 50 zuwa 80, mai sikirin mafi sauƙi kuwa sai an doshi dala 200. Abin da zai kama a naira ko sefa ya danganta da canjin ranar da ribar mai shago. Mai sikirin kaya ne mai kyau, kuma ranar da aiki ya fara biyan kuɗinsa, saye shi. A matsayin na farko dai, ban ga dalilin ninka kuɗi uku ko huɗu don guje wa sabon mako biyu ba.

"In ba Wacom ba ne, jabu ne"

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a wannan fanni an yi zamanin da maganar ta zauna daram. Wacom kamfanin Japan ne da aka kafa a 1983, kuma a 1987 ya fito da allo mai alƙalamin da ba shi da waya. Fasahar tana da ban sha'awa. A ƙarƙashin fuskar allon akwai zaruruwan waya a jere, tsaye da kwance, suna fitar da ƙarfin maganaɗisu. A cikin alƙalamin kuma akwai wayar tagulla da aka naɗe a jikin wani ɗan sanda. Idan alƙalami ya matso, sai ya ɗebi ƙarfinsa daga allon, ya mayar da amsa, allon ya gane inda yake da yadda aka danna shi. Shi ya sa ba ya buƙatar batir ko caji. Wannan fasaha ce dai a cikin alƙalamin S Pen na wayoyin Galaxy Note tun 2011. Shekaru da yawa Wacom na riƙe da haƙƙin mallakarta, sauran kamfanoni kuma suna yin alƙaluma masu batir, masu nauyi a gindi, masu mutuwa ana tsakiyar aiki. A lokacin, wanda ya ce maka ka guji mai araha ya yi maka nasiha.

Haƙƙin ƙirƙira ba ya dawwama, shekara 20 yake yi. Yau Huion, wanda aka kafa a birnin Shenzhen na Sin a 2011, da XP-Pen, wanda ya faro a Japan a 2005 kuma yanzu yake ƙarƙashin rukunin Hanvon Ugee na Sin, da Gaomon da Veikk, duk suna sayar da alƙalami marar batir har a kayansu mafi sauƙi. Huion H640P, XP-Pen Deco 01 V2 da ire-irensu kayan aiki ne na gaske, mutane na cin abinci da su. Don haka maganar jabu jita-jita ce a yau.

Sai dai kada a wuce gona da iri a ce duk ɗaya ne. Wacom na da suna wajen ƙarko, manhajarsa ta daɗe ana goge ta, alƙaluman manyan allunansa kuma suna jin taɓawar da ta fi sauƙi. Tambayar mai ƙaramin ƙarfi ita ce: da kuɗin ƙaramin Wacom, wanda zai iya sayen matsakaicin Huion ko XP-Pen, wanne ya fi? A ganina, ga mai zane, faɗin wurin aiki ya fi sunan da ke jikin kwali. In kuma Wacom ɗin ka ƙudurta, kula da suna: One by Wacom daban, Wacom One daban. Na farkon shi ne mai araha marar sikirin, lambarsa CTL-472 ga ƙarami, CTL-672 ga matsakaici. Ka riƙe lambar, ita ce ba ta ruɗi.

Gargaɗi ɗaya: tsofaffin kaya masu batir ba su ƙare a shaguna ba. Huion H420, wanda ake yawan gani saboda sauƙin kuɗinsa, alƙalaminsa batir yake ci, wurin zanensa kuma inci 4 ne da ɗan abin da ya haura inci 2. Ya yi wa mai sa hannu a takarda, bai yi wa mai zane ba.

"Wanda ya fi yawan lamba a kwali ya fi kyau"

A nan ne talla ta fi yin aikinta. Za ka ga an rubuta 8192 da manyan baƙaƙe, wasu sababbi ma 16384, mai shago ya nuna maka da yatsa ya ce wancan 2048 ne kawai, wannan ya ninka shi huɗu. Lambar tana nufin matakai nawa alƙalami ke raba nauyin hannu, daga taɓawa zuwa cikakken dannawa. A ji kamar abin kirki ne. Mu yi lissafi. Idan burushin da kake zane da shi faɗinsa ɗigo 100 ne a sikirin, kauri iri 100 kawai zai iya nunawa, ko da alƙalamin ya san mataki dubu goma. Idan duhun launi kake sarrafawa da nauyin hannu, hoton da aka saba aiki da shi mataki 256 ne da shi daga fari zuwa baƙi. To ina sauran dubban za su bayyana? Hannun mutum ma ba ya iya bambance dannawa ta 5000 da ta 5001.

Tarihi ma shaida ne. Intuos3 na Wacom, wanda ya fito a 2004 kuma ƙwararru suka yi shekaru a kansa, mataki 1024 ne da shi. Intuos4 na 2009 yana da 2048, daidai da One by Wacom na yau. Ayyukan da aka yi da su ba wanda ya kalla ya ce matakai sun yi kaɗan. Hukuncin dai jita-jita ne: daga 2048 zuwa sama, lambar ta daina gaya maka komai.

Abin da ke bambanta alƙalami mai daɗi da marar daɗi ba a cika rubuta shi a kwali ba. Na ɗaya, nauyin da yake buƙata kafin ya fara rubutu. Alƙalami mai kyau da ka shafa shi a hankali zai bar siririn layi. Marar kyau sai ka ɗan danna, sannan layi ya faɗo da kauri lokaci ɗaya, kuma wannan na ɓata inuwa da ƙarshen harafi. Na biyu, tafiyar kaurin: idan ka ja layi kana ƙara nauyi sannu a hankali, ya kamata ya buɗe sumul, ba tsalle-tsalle ba. Na uku, rawar layi. Ɗora rula a kan allo, ka ja layi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, a hankali ƙwarai. A wasu alluna zai fito yana 'yar rawa kamar hannu na karkarwa, alhali rula ka bi. Waɗannan ukun gwaji ne ke nuna su.

Sauran lambobin ba sa buƙatar dogon bayani. Ana rubuta 5080 ko 2540 a matsayin yawan layukan da allo ke ganewa a inci ɗaya. Ko ƙaramar lambar, a allo mai faɗin inci 6, ta ba da wurare sama da 15,000, sikirin ɗinka kuma ɗigo 1920 ne a faɗi, ko ma 1366. Jin karkatar alƙalami, wanda ake rubuta digiri 60, yana da amfani ga mai yin inuwa da gefen fensir. Mai tambari da gyaran hoto zai shekara bai neme shi ba. Maɓallan gefe suna da daɗi, amma hannunka na hagu na kan kibod ko ta yaya.

"Babba ya fi" da "ƙarami ma ya isa"

Duka biyun ana faɗa, kuma kowanne rabin gaskiya ne. Tunda allo taswirar sikirin ne, girmansa da girman sikirin tare suke tafiya. Ƙaramin allo, mai wurin zane kusan inci 6 da 4, yana tafiya lafiya da laftof mai inci 13 zuwa 15, yana shiga jaka ɗaya da ita, ya kuma wadatar ga gyaran hoto. Haɗa shi da babban sikirin mai inci 24, sai ɗan motsin yatsa ya zama dogon layi, hannu ya ƙage. Matsakaici, daga inci 8.5 da 5.3 irin na Wacom zuwa inci 10 da 6.25 irin na Deco 01 V2 ko Huion HS610, shi ne ya fi dacewa da mai zane na gaske, domin yana barin gwiwar hannu ta shiga aikin. Abin da ya wuce haka yana cin tebur, yana gajiyar da kafaɗa. Kuma ka tabbata wurin zane aka faɗa maka, ba girman robar duka ba; wasu masu talla da gefe da maɓallai suke aunawa.

Akwai wani abu da ke sa mutane su mayar da allo mai lafiya. Wani ƙanena ya sayi matsakaicin allo, bai kwana biyu ba ya kira ni. "Yaya, an cuce ni, allon nan jabu ne." Na ce me ya yi? Ya ce ya ɗora murfin kwalba a kai ya zagaye shi da alƙalami, abin da ya fito a sikirin ƙwai ne, ba da'ira ba. Allon lafiyarsa ƙalau. Siffarsa 16 da 10 ce, sikirin ɗin laftof ɗinsa kuma 16 da 9, sai manhaja ta matse tsayin allon don ya shiga sikirin, kowane zane ya gajarce da kashi 10 cikin 100 daga sama zuwa ƙasa. Maganin danna wuri ɗaya ne a saitin allon. A Wacom sunansa Force Proportions, a Huion Screen Ratio. Za ka rasa ɗan siririn yanki a ƙasan allo, da'ira kuma ta koma da'ira. Mutane da yawa na yin wata da watanni suna zargin hannunsu saboda wannan.

"Sai kana da kwamfuta"

Da haka ne, yanzu ba lallai ba. Yawancin sababbin alluna masu araha suna aiki da wayar Android daga siga ta 6.0 zuwa sama, ta ɗan mahaɗin OTG, wanda wasu kamfanonin ke sakawa a kwali. Da manhaja irin ibis Paint X ko Sketchbook, matashiyar da ke zanen lalle ko yaron da ke zanen barkwanci na iya farawa da wayar da ke hannunsu. Wannan gaskiya ce mai daɗi, amma tana da iyaka. Waya a tsaye take, allo a kwance, don haka wani yanki na allon ne kawai zai yi aiki. Maɓallan gefe sau da yawa ba sa amsawa, ba ka kuma da inda za ka saita nauyin alƙalami. Wasu wayoyin ba sa nuna alamar da ke gaya maka inda alƙalami yake kafin ya sauka, zane kuma ya zama lalube. iPhone kuwa yawancin waɗannan alluna ba sa aiki da ita ta wayar haɗi. In da waya za ka yi aiki, je da ita shagon a gwada a gabanka.

"Allon ya lalace, ba ya jin dannawa"

Sau da yawa ba allon ba ne. Kowane allo na da manhajar da ke gabatar da shi ga kwamfuta, wadda ake kira direba. Ba tare da ita ba, alƙalami kan yi motsi kamar maus, layi ya fito da kauri ɗaya. A sauke ta daga shafin kamfanin, da lambar allon daidai. In an taɓa sa direban wani kamfani a kwamfutar, a cire shi tukuna a sake kunna ta, domin biyu ba sa zama lafiya wuri ɗaya. Akwai kuma wani ɗan akwati a saitin mai suna Windows Ink. Photoshop na buƙatar a kunna shi kafin ya ji nauyin hannu, Krita kuma tana ba ka zaɓi tsakaninsa da WinTab a nata saitin. Idan layi na biyo alƙalami a makare, musamman da babban burushi a babban fayil, kwamfutar ce ta gaji. Sabon allo ba zai ƙara mata ƙarfi ba.

Masu cewa sai ka tanadi kuɗin manhaja kafin ka sayi allo su ma ba su faɗi daidai ba. Krita kyauta ce kuma don zane aka gina ta, GIMP na gyaran hoto, Inkscape na aikin tambari da layi, dukkansu suna jin nauyin alƙalami. Wanda ya saba da CorelDRAW ma ba sai ya ƙaura ba, tana da kayan zanen hannu masu amfani da shi.

"Na hannu ya fi riba"

Yana iya zama gaskiya, musamman tsohon Wacom da aka riƙe da kyau, domin shi allon kansa ba shi da abin da ke motsi a ciki. Haɗarin na cikin alƙalami. Ɗan sandan da aka naɗe wa wayar tagulla yana da saurin tsagewa; alƙalami ya faɗi a siminti sau ɗaya, daga waje ba ka ga komai ba, amma ya fara rubutu tun bai taɓa allo ba, ko ya daina jin nauyi. Alƙalamin wani kamfani ba ya aiki a allon wani, har a kamfani ɗaya ma ba kowanne ke shiga kowanne ba. Allon hannu marar alƙalami, komai sauƙinsa, kada ka karɓa sai ka san inda za ka sami nasa da nawa ne. Wani lokaci kuɗin alƙalamin ya kusa na sabon allo mai araha. Ka kuma duba shafin kamfanin ko har yanzu suna fitar da direban wannan lambar don irin Windows ɗinka.

Bakin alƙalami roba ne, yana cinyewa, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Sabon kwali na zuwa da na canji, uku a ƙananan Wacom, wajen takwas a yawancin na Sin, tare da ɗan zoben cirewa. Ka canza shi da zarar ya yi gefe mai kaifi, tun bai fara kartar allo ba. A lokacin hunturu ƙura ita ce babbar abokiyar gaba: ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin baki ta isa ta bar tabo. Share allon da tsumma mai laushi kafin ka fara, ka rufe shi in ka gama, kada kuma ka ajiye alƙalami a tsaye a kan bakinsa cikin kofi.

Ko sabo ko na hannu, ko a Farm Centre ta Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Legas, je da kwamfutarka, direba da Krita na ciki tun daga gida. Ka shafa alƙalami a hankali ka ga ko ya rubuta, ka ja layi daga siriri zuwa kauri, ka bi rula a karkace, ka taɓa kusurwoyi huɗu, ka ɗan girgiza wayar allon a bakin mahaɗinta ka ga ko tana yankewa, domin a nan waɗannan alluna suka fi samun matsala, kuma wanda wayarsa ke cirewa ya fi wanda aka manne masa ita. Tambayi kuɗin alƙalamin canji tun kafin ka biya. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ku yi magana a rubuta a rasit cewa za a gwada nan take, kafin ka bar shagon.